Kashta a bakin dam ɗin Bisha: tambayoyin da 'yan uwa ke ta yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da Ɗa'if. Tun da muka dawo daga Bisha yara suka baza hotuna wayata ba ta huta ba, wannan ya kira ya ce ina ne nan, waccan ta ce wai da gaske a Saudiyya ne, wani dattijo ma cewa yai ai wannan Tiga ce kada a yaudare shi. Toh na ga amsa ɗaya nake ta maimaitawa, shi ne na ce bari in zauna in tara tambayoyin waje ɗaya. Ni direba ne, na haura shekara 20 a Jidda, kuma wannan tafiyar mun yi ta sau huɗu da iyalanmu. Abin da ya sa muka fara kuwa, tun rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 maƙwabtan da muka tashi tare a unguwannin Sabil da Hindawiyya da Karantina kowa ya kama gabansa, wani Bahra, wani Makka, wani ya koma gida gaba ɗaya, yaranmu da suke cin tuwo a kwano ɗaya sai a shekara ba su ga juna ba. Shi ne muka ce ko sau ɗaya a shekara mu haɗa motoci mu fita.

Kawu, wai mene ne kashta ɗin ma?

Kalmar mutanen ƙasar nan ce, fita bayan gari a shimfiɗa a dafa shayi a ci abinci a sha iska, ko a wuni ko a kwana. Wanda ya zauna a nan ya san da sanyi ya shigo ranar Alhamis da yamma za ka ga motoci cike da darduma da tukwane suna fita gari. Mu dai an bar mu a baya a wannan, daga aiki sai ɗaki sai Harami sai biki a istiraha, wato gidan taro na haya, alhali mu 'yan ƙauye ne asali, mun fi kowa sanin daɗin zama a gindin bishiya.

Malam, ruwa a Saudiyya? Ba dai ɗan kududdufi ba ne kuke zuzutawa?

Ba kududdufi ba ne wallahi. Sunansa Saddul Malik Fahad, wato dam ɗin Sarki Fahad, yana kan Wadi Bisha a yankin Asir, kudu da garin Bisha da kamar kilomita 35 zuwa 40. An gama shi a 1997, bangon kankare ne zalla, tsayinsa mita 103, tsawonsa daga wannan dutse zuwa wancan mita 507, kuma in ya cika yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 325. Ruwan saman da ke sauka a duwatsun Asir ne ke gangarowa ta kwari ya taru a bayan bangon. An gina shi ne don tare ambaliya da kuma shayar da gonakin dabino da ke ƙasa da samar wa mutane ruwan sha.

Gaskiya bai kai Tiga ba, Tiga tana ɗaukar kusan biliyan 2, ka ga ta ninka shi wajen sau shida. Kuma ba kullum yake cike ba, shekarar da aka yi ruwa sosai za ka ga ya miƙe cikin duwatsu har ido ya gaji, shekarar fari kuma ya ja baya ya bar wani farin zane a jikin dutse can sama da kanka, alamar inda ya taɓa kaiwa. Amma ga wanda ya shekara goma bai ga ruwan daɗi a kwance ba sai na tanka da na jarka, ranar da ka tsaya a saman nan da asuba ka ga ruwa shiru babu igiya irin ta bahar, tsuntsaye suna sauka, wallahi sai ka ji wani abu ya tsaya maka a wuya. Wata gyatuma da muka je da ita 'yar Yawuri ce, zama tai a kan dutse ta kusa awa ɗaya ba ta ce da kowa komai ba, da ta taso idonta jawur.

Ta ina ake bi, kuma awa nawa ne?

Daga Jidda ko Makka sai ka hau Ɗa'if tukuna, ko ta Hada mai lanƙwasa ko ta Sail mai sauƙi, ni in da tsofaffi ko masu amai a mota Sail nake bi. Daga Ɗa'if hanya biyu ce, akwai ta Khurma da Ranya, akwai ta ɓangaren Baha ka sauka Aƙiƙ ka miƙe Bisha. Mu da tsayawa sallah da cin abinci da fitsarin yara mukan ci awa takwas, wani zubin tara. Kada ka ce za ka rage da gudu, Sahir, kyamarar kama masu gudu, na nan a hanya zai aiko maka da mukhalafa, wato tara, kafin ka isa, kuma babban abin tsoro ma ba shi ba ne, raƙuma ne. Hanyar Khurma zuwa Ranya zuwa Bisha da daddare raƙumi baƙi yana tsaye a tsakiyar titi ba za ka gan shi ba sai ka zo gab. Don haka mu bayan sallar asuba muke tashi, mu shiga Bisha kafin la'asar, ba ma tuƙin dare ko da wa ya matsa. Ka cika tanki duk inda ka ga mahaɗɗa, wato gidan mai, ko da rabi ne ya rage, ka duba tayar safaya, wato ta ajiya, kafin ka bar gida. Bisha tana da filin jirgi ga mai hali, amma ko ka sauka sai ka nemi mota.

Yaya, ni ikamata, takardar izinin zama, ta ƙare ban sabunta ba, zan iya laɓewa a cikinku?

A'a ƙanena, kai haƙuri. Akwai wuraren taftish, wato shingayen bincike, a hanya, kuma in aka tsayar ba kai kaɗai abin zai shafa ba har da mai motar da ya ɗauko ka. Ba ƙin ka ake ba, mun san halin da mutanenmu da yawa ke ciki game da takardu kuma abin yana damun mu, amma yawon shan iska bai kai a jefa kai da iyalin wani a wahala ba. Ka gyara, shekara mai zuwa da kai in Allah ya kai mu. Sauran kuma kowa ya riƙe ikamarsa, direba da rukhsa da istimara da ta'amin, wato lasisi da takardar mota da inshora, ka tabbata Absher ɗinka, manhajar ayyukan gwamnati, yana buɗewa, kada ka dogara da waya kaɗai don akwai inda sabis ke ɗaukewa.

Wane lokaci ya fi daɗi?

Daga Nuwamba zuwa farkon Maris. Rana ba ta cizo, dare kuma akwai sanyi na gaske, musamman a kwana arba'in ɗin da suke ce wa Murabba'aniyya, daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Janairu. Mutumin Jidda bai san sanyi ba, mu zuwanmu na farko da 'yan riguna marasa nauyi muka je, kafin ƙarfe biyun dare yara sun koma mota an kunna hita. Ka ɗauki farwa, wato babbar rigar sanyi, ko bargo mai kauri da hular sanyi da safa, kai ka ce hunturun Jos za ka.

Watannin Maris zuwa Mayu ana samun ruwan sama a duwatsu, wurin yana yin kore yai kyau, amma a nan hatsarin yake, zan zo kansa. Da zafi kuwa kada ma ka fara.

Kawu, ana shiga ruwan? Mu fa mun iya iyo, kullum muna Abhur, bakin tekun Jidda.

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan, don Allah ku karanta ta sau biyu ku karanta wa yara. Ba a shiga. Ba iyo, ba wanka, ba tsoma ƙafa, ba wai bari in ɗan taka gefe a ɗauke ni hoto. Difa'ul madani, wato jami'an ceto da kashe gobara, kullum gargaɗi suke a kan shiga ruwan dam da tafkunan da sail, wato ambaliyar kwari, ke bari, kuma ba don son hana mutane jin daɗi ba ne, su ne ke zuwa su fito da gawarwaki.

Ruwan dam ba irin na bahar ba ne. Na bahar gishiri ne yana ɗaga ka sama, na dam ruwan daɗi ne, yaron da ya saba yawo a saman ruwa a Abhur zai ji jikinsa yai nauyi nan da nan. Sannan ƙasan ba yashi ba ne, laka ce da sail ke kwasowa daga duwatsu shekara da shekaru tana kwanciya, in ƙafarka ta shiga riƙewa take kamar an kama ka da hannu, kana ƙoƙarin zaro ɗaya ɗayar tana nutsewa. Kuma asalin wurin kwari ne tsakanin duwatsu, ka yi taku uku ruwa iya gwiwa na huɗu babu ƙasa. A ciki akwai itatuwan ƙaya da ruwa ya shanye suna tsaye da rassansu, akwai sanyin da ke ƙasa wanda ke ɗaure jijiyar ƙafa ko da saman ruwan ɗumi ne. Wani ɗan uwanmu ɗan Argungu, gidansu gidan masunta ne, ya tsaya ya kalli ruwan ya ce shi kansa ba zai shiga ba, don kogin da ya sani ya san ƙasansa, wannan kuwa ba wanda ya san ƙasansa.

Bari in faɗa muku abin da ya same mu a zuwanmu na biyu. Shekarar ruwa ya ja baya, ya bar fili a gefe, ƙasa ta bushe ta tsattsage kamar bayan ƙosai, kana gani ka ce ko mota za ta hau. Ɗan ƙanwata mai shekara tara ƙwallonsa ta gangara ya bi ta da gudu, bai ma kai ruwan ba, saura kamar taku goma, sai saman ƙasar ya fashe ya zurma har cinya. Ashe bushewar iya tafin hannu ce, ƙasanta baƙar laka ce mai wari. Yana kuka yana motsi yana ƙara shiga, uwarsa ta yunƙura za ta bi shi muka riƙe ta da ƙarfi. Allah ya sa akwai igiyar jan mota, muka shimfiɗa tabarmi biyu da marfin kula, mafi rashin nauyi a cikinmu ya kwanta rub da ciki ya ja jiki ya ɗaura masa igiyar a ƙarƙashin hammata, muka ja a hankali, a hankali, mun fi minti ashirin. Takalminsa ɗaya yana can har yau. Daren nan ba wanda ya ci abincin kirki, ni kuma har yanzu in na tuna sautin da lakar tai da ƙafarsa ta fito sai gabana ya faɗi.

Tun daga ranar muka sa doka. In mun sauka, kafin a sauke tukunya ɗaya, sai mu ja layi da duwatsu nesa da inda ƙasa ta fara canza launi, a tara yara a nuna musu, kuma a kowane lokaci akwai babba ɗaya da ba shi da wani aiki sai kallon yara, ba waya a hannunsa, ba hira, in ya gaji ya kira wani ya karɓe shi da baki, ba wai ya tashi kawai ba. Kuma in Allah ya kiyaye wani ya faɗa, kada ka bi shi da tsalle, sau da yawa mai ceton ne ke zama gawa ta biyu. Jefa igiya, jefa jarka marar ruwa a rufe, miƙa sanda, a kira taimako.

Akwai ma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan daɗi mai kwanciya inda dodon koɗi ke zama, ana samun ta a wasu kwaruruka na kudancin ƙasar nan, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yaro mai fitsarin jini.

To kamun kifi fa? An ce akwai karfasa.

Ana samun karfasa a dam-dam na ƙasar nan, su bulɗi suke ce mata. Amma ba kowane wuri aka yarda a jefa ƙugiya ba, ka karanta allunan da ke wurin, in akwai masu gadi ka tambaye su, in suka ce a'a shi kenan. Kuma matsalar mai ƙugiya ita ce kullum yana son ya ƙara matsawa gaba kaɗan, ga laka ga dutse mai santsi. Mu kifinmu daga kasuwar kifi ta Bangala muke sayowa a Jidda mu zuba ƙanƙara a kula.

A ina ake kafa tanti, ko'ina mutum ya ga dama?

A'a. Abu biyu ne a nan, doka da kuma hankali.

Na doka, wuni da shimfiɗa daban, kafa tanti a kwana daban. Filayen daji da wuraren shaƙatawa na gwamnati suna ƙarƙashin hukumar kula da tsirrai da yaƙi da hamada, kuma ana neman izinin kafa tanti ta manhajarsu mai suna Nabati. Akwai jami'an tsaron muhalli, Amnul bi'i, suna zagayawa da motocinsu kuma suna rubuta tara. Jikin bangon dam ɗin da inda injuna suke kuma ba wurin zama ba ne, inda aka sa shinge kada ka tsallaka. Mu yadda muke yi, mata da ƙananan yara da tsofaffi muna kama musu shuƙƙa mafrusha, wato gidan haya mai kayan ɗaki, a cikin Bisha, maza da samari kuma mu kafa tanti a gonar dabinon da wani ɗan uwanmu ke aiki, da izinin mai gonar, da safe mu haɗu mu wuce bakin ruwa mu wuni.

Na hankali kuma, kada ka taɓa kwana ko ka ajiye mota a cikin kwari, ko sama da dam ko ƙasa da shi. Na sani nan ne yashi mai laushi, nan ne inuwa, nan ne iska ba ta dukan ka, shi ya sa yake jan mutane. Amma sail ba ya sallama. Ana iya yin ruwa a duwatsun da ba ka ko hango su, kai samanka tar da taurari, bayan awa biyu ka ji ƙara kamar tirela tana tahowa, ruwa ne ja da itatuwa da duwatsu. Mu mutanen Jidda ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da ya faru a Nuwamban 2009 da mutum sama da 100 suka rasu, mun ga motoci a kan juna a unguwar Ƙuwaiza. Ƙasa da dam kuma ana buɗe ƙofofi lokaci-lokaci a saki ruwa don gonaki. Ka hau tudu, ka duba jikin bishiyoyi, in ka ga ciyayi da leda sun maƙale a reshe to ruwa ya taɓa kaiwa nan, ƙara hawa. Ka riƙa duba sanarwar hukumar yanayi a manhajar Anwa kafin tafiya da kuma kowace safiya. In ka tarar kwari yana gudu ya yanke hanya ka tsaya ka jira, tsallakawa laifi ne da tararsa ke kaiwa riyal 10,000, kuma wannan tarar ita ce mafi sauƙin abin da zai same ka.

Za mu iya hura wuta mu yi tsire?

Sosai ma, ai kashta ba tsire ba kashta ba ce a wurinmu. Mutanen Hijaz da kansu sun karɓe shi suna ce masa siriya, kakanninmu ne suka kawo. Ranar da muka gasa a can wasu samari 'yan Bisha da ke kusa ƙamshin ƙuli da yaji ya jawo su, muka zuba musu a faranti da albasa, kafin magariba sai ga su da kwalin dabinon safri, wanda Bisha tai suna da shi, da dalla cike da gahawa, muka zauna har bayan isha.

Amma ka kiyaye abu uku. Kada ka sari ko reshe ɗaya, busasshe ko ɗanye, itacen ƙasar nan irin su samur, wata bishiyar ƙaya, an hana sara da ɗauka da sayarwa, tararsa mai nauyi ce, ka sayi gawayin waje ko itacen waje na buhu a kanti. Kada ka hura wuta a ƙasa tsirara, ka zo da mangal ɗinka, wato murhun gashi, mai ƙafa, hura wuta a inda ba a tanada ba a daji ko wurin shaƙatawa tararsa tana kaiwa riyal 3,000. Na uku kuma shi ne mai kisa, kada ka shigar da garwashi cikin tanti ko mota don jin ɗumi. Hayaƙinsa ba wari ba launi, barci kawai zai ɗauke ku a wayi gari ba kowa. Komai sanyi a bar wuta a waje, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta.

Malam, mu mata fa? Ni damuwata banɗaki da sutura, ga goyo.

Hajiya tambayarki tana kan hanya, kuma da yawa mazan ba sa tunaninta sai an isa. Akwai ɗan tantin banɗaki mai naɗewa kamar faifai, ba tsada, a saya a kafa nesa da ruwa ta ɓangaren da iska ke tafiya, a haƙa rami a rufe bayan an gama. Akwai kuma ruwaƙ, dogon ƙyalle mai sanduna da ake zagaye wurin zama da shi, yana tare iska yana tare ido, ku sake ku sha hira. Iyalan Larabawa ma haka suke, kuma al'adar wurin ita ce in ka ga iyali sun sauka ka ba su tazara mai kyau, samari su ja can gefe. Ku ja wa yara kunne kada su ɗauki hoton mutane ba izini, laifi ne a nan. Mai goyo ta zo da gidan sauro na jariri da ruwan zafi a fulas. Kuma ina roƙon maza, ranar nan ku karɓi girki, matan nan shekara suke a kicin, wasu a kicin ɗin wasu ma, a bar su su zauna su kalli ruwa.

Nawa zan tanada?

Gaɗɗa muke yi, wato karo-karo, kowane magidanci ya zuba daidai, marasa ƙarfi a ɗauke musu ba tare da an sanar ba. Mai dai, mai lamba 91, lita ɗaya tana riyal 2.18 tun 2021, kai lissafin zuwa da dawowa da yawon can gwargwadon shan motarka. Sai kuɗin shuƙƙa, sai nama da shinkafa da gawayi da ruwa. Abin da ke cinye kuɗi shi ne sayen kaya sababbi, alhali tanti da darduma da dafur, wato ƙaramin murhun gas, da kujeru duk akwai na hannu a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, wasu ma aro za ka samu.

Me da me za a ɗauka?

Ruwa, ruwa, ruwa, na sha daban na wanki daban, fiye da yadda kake zato, don na dam ba a sha. Igiya doguwa mai ƙarfi, shebur, tocila da fitilar caji, abin cajin waya, famfon iskar taya, akwatin magani da maganin masu suga da hawan jini, takalmi rufaffe ga kowa, manyan ledojin shara. Sauran kayan girki mata sun fi ni sani, amma kada a manta ashana da gishiri da wuƙa.

Kunama da maciji fa?

Akwai su, duk da sanyi yana rage fitowarsu. Kada yaro ya ɗaga dutse da hannu, a kakkaɓe takalmi da safe, a zuge zif ɗin tanti ko da rana. In an yi harbi ko sara kada a tsaga kada a tsotsa kada a ɗaure tamau, a kwantar da mutum a nufi asibitin Bisha. Sauro yana fitowa da magariba kusa da ruwa. Birai kuma a hanyar Hada da Baha ne za ku gamu da su, ku rufe gilas, kada a ba su abinci, suna fizge leda a hannun yaro.

Sallah fa, ƙasaru za mu yi?

Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma tunda ba ma niyyar kwana huɗu ƙasaru muke har mu dawo, mai ƙarin tambaya ya tuntuɓi malaminsa. Alwala da ruwan jarka, kada wani ya ce bari ya gangara bakin dam. Jam'in asuba a wurin nan, sahu biyu a kan darduma, sanyi yana ratsa ƙafa, liman ɗan shekara 16 da ya haddace a Makka yana karatu muryarsa tana dawowa daga dutse, wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya.

Wani abin daɗi kuma, a dawowa ta Ɗa'if za ku bi ta miƙatin Ƙarnul Manazil a Sailul Kabir, ko Wadi Muhrim in ta Hada ne, da yawanmu muna sa harami a jaka mu ɗaura a nan mu shiga da umara.

Bisha tai mana nisa, babu na kusa?

Akwai. Dam ɗin Wadi Hali yana cikin yankin Ƙunfuza, an gama shi a 2009, yana ɗaukar wajen miliyan 250, hanyar gaɓar teku ce ta garin Lis miƙaƙƙiya ba hawan dutse, kuma a dawowa miƙatin Yalamlam yana kan hanya. Sai dai can Tihama ce, wato shimfiɗar gaɓar teku, ɗumi da sauro sun fi yawa, a tsakiyar sanyi kawai yake daɗi. Akwai na Rabig ta arewa wanda za a iya zuwa a dawo a wuni. Mutanenmu na Jazan kuma suna da na Baish, wanda bangonsa ya kai mita 106. Duk abin da na faɗa kan laka da sail da shiga ruwa ya hau kansu gaba ɗaya.

In wani abu ya faru wa za a kira?

A yankin Makka 911 ya haɗa komai. A Bisha da sauran Asir difa'ul madani 998, motar asibiti ta Hilal Ahmar 997, 'yan sanda 999, tsaron hanya 996. Da kun sauka ku tura wa wani na gida alamar inda kuke a taswira, ku duba inda sabis ke kamawa tun da rana kowa ya san wurin, mota ɗaya kuma a juya ta tana kallon hanya, makullinta a wurin da kowa ya sani.

Shara fa, akwai masu kwashewa?

Mu ne masu kwashewa. Abin yana min ciwo in ga leda da robar ruwa da ƙashin kaza a bakin ruwan da mutane ke sha, kuma da yawa daga iyayenmu a ƙasar nan da tsintar gwangwani da shara suka ciyar da mu, bai kamata a ce mu ne muka bar wa wani ya sunkuya ba. Kafin mu tashi kowane yaro leda ɗaya, a tsince namu da wanda muka tarar, a zuba toka a gwangwani bayan ta huce, a kai kwandon shara na baladiyya, wato hukumar gari.

Yaushe za a koma, kuma akwai wuri?

In Allah ya yarda hutun makaranta na tsakiyar shekara, tashi Alhamis bayan asuba dawowa Asabar. Zuwa yanzu mota biyar ce, muna neman ƙarin ɗaya mai ɗaukar kaya saboda tantuna da jarkoki, kuma akwai tsofaffi biyu da ba su da mai kai su, duk wanda ke da kujera biyu a motarsa kuma ba ya gudu ya faɗa wa wanda ya turo masa wannan rubutun, saƙon zai iso ni.